Strofa ko Stanza: Wace Kalma ce Daidai da Baiti a Italiyanci da Harsunan Silaf?

Wani tsohon ɗalibina da ya sami gurbin ƙaro ilimi a Turai ya aiko mini da saƙo kwanakin baya. An ba shi aikin gabatar da ɗan jawabi kan rubutacciyar waƙar Hausa, ajin nasu kuwa haɗin gambiza ne, da 'yan Italiya da 'yan Foland da wata baiwar Allah daga Sabiya. Ya ce, "Malam, na gaya musu waƙar tana da stanza arba'in. Da aka tashi sai wani ɗan Italiya ya ja ni gefe, ya ce ya gane abin da nake nufi, amma a kunnensa kamar na ce gidan yana da ɗaki arba'in ne. Wai da shi ne, strofa zai ce. To wanne ne daidai?"

Amsar da na ba shi a taƙaice ita ce ya riƙe strofa. Amma tambayar ta cancanci fiye da amsar layi ɗaya, domin duk wanda zai yi rubutu ko fassara ko jawabi kan waƙa tsakanin Hausa da Italiyanci ko harsunan Silaf (dangin Rashanci da harshen Foland da na Sabiya) sai ya ci karo da ita. Masu wannan buƙata ba su da kaɗan kamar yadda ake zato, tunda ana koyar da Hausa a jami'ar Warsaw, da jami'ar L'Orientale ta birnin Nafoli, da kuma Mosko da San Fitasbag.

Tushen ruɗanin daga Turanci yake. Mu da muka bi ta makarantar boko, kalmar stanza aka fara cusa mana a matsayin takwarar baiti, har muka ɗauka ko'ina a Turai haka ake faɗa. Alhali Turancin aro ya yi daga Italiyanci wajen ƙarshen ƙarni na 16, ya faɗaɗa ma'anarta ta rufe kowane irin baiti. A gidanta na asali kalmar ba ta da wannan faɗin.

A bakin ɗan Italiya na yau, stanza ɗaki ne. Wanda ya bi layukan da ke kusa da jami'o'insu zai ga takardu manne a bango da jikin turakun fitila an rubuta "affittasi stanza", wato akwai ɗakin haya, da lambar waya an yayyanka a ƙasa don mai so ya yage ɗaya. Shahararrun ɗakunan fadar Batikan da Raffaello ya ƙawata da zane ma Stanze ake kiransu. Kalmar ta samo asali daga aikatau na Latinanci mai nufin tsayawa, don haka ainihin ma'anarta wurin tsayuwa ne, masauki. Harafin z ɗin nan kuma ba irin namu na zuma ba ne, ya fi kusa da ts, sai ka ji kamar an ce stantsa.

Yadda ɗaki ya koma baiti kuwa, mawaƙin Italiya Dante ya yi bayaninsa a wani littafi da ya rubuta da Latinanci wajen 1304 kan fasahar harshen gida, littafin da bai kammala ba. Ya nuna cewa an kira ta haka ne don ita ce masauki mai yalwa da ke ɗauke da dukkan fasahar waƙar. Abin da yake nufi a aikace shi ne baitin farko shi ke kafa doka: yawan ɗango, tsawon kowane ɗango, da inda kowane amsa-amo zai faɗo. Duk baitin da ya biyo baya dole ya sa rigar na farkon, ba ƙari ba ragi. Irin waƙar da yake magana a kai ita ce canzone, wadda a wurinsa ta fi kowace daraja.

Baitin canzone kuwa ɗaki ne da gaske, mai ciki da falo. Kashin farko ana ce masa fronte, wato goshi, kuma yakan rabu gida biyu masu kama da juna da ake kira piedi, ƙafafu. Kashi na biyu shi ne sirma, wasu su ce coda, wato jela. Sau da yawa akwai ɗango guda a tsakani da ake kira chiave, mabuɗi, wanda ke ɗauko amsa-amon ƙarshen goshi ya shigar da shi jela. Ɗangogin kan zama gauraye, wasu masu gaɓa 11 wasu masu gaɓa 7, baiti ɗaya kuma yakan haura ɗango goma. A ƙarshen waƙar sai a zo da ɗan gajeren baiti na sallama, congedo, inda mawaƙi kan juya ya yi wa waƙar tasa magana, ya aike ta wurin wanda aka yi dominsa. Duk lokacin da na karanta irin wannan rufewa nakan tuna da namu marubutan, yadda sukan kammala da faɗin sunansu da garinsu da ramzin shekara. Petrarca, wanda ya rayu daga 1304 zuwa 1374, shi ya kai wannan tsari ƙololuwa. Cikin waƙoƙi 366 na diwaninsa, 29 canzone ne.

Wuri na biyu da stanza ke da cikakken 'yanci shi ne baiti mai ɗango takwas, ottava, wanda shida na farko ke karɓa-karɓar amsa-amo biyu, biyun ƙarshe kuma su rufe da nasu. Da shi Boccaccio da Ariosto da Tasso suka ba da dogayen labaransu a waƙe. Har akwai waƙar da Poliziano ya fara don gasar mahaya da aka yi a Fulorans a 1475, wadda sunanta ma Stanze ne, ya bar ta ba kammalawa bayan an kashe Giuliano de' Medici, wanda aka yi waƙar dominsa, a 1478. Haka ma ballata, wani nau'in waƙa mai amshi, baitocinta stanza ne. Idan batun da ke gabanka ɗaya ne daga waɗannan ukun, canzone ko ballata ko ottava, ka ce stanza kanka tsaye, masana ma za su ga ka san abin da kake yi. Da ka fita daga wannan da'ira sai kalmar ta fara yin baƙunta a kunne.

Strofa ba ta da wannan ƙaidi. Daga Girkanci ta fito, ma'anarta juyawa. A wasannin dandali na tsohuwar Girka akwai ayarin 'yan amshi da ke rera waƙa suna takawa zuwa gefe ɗaya, sa'annan su juyo su rera kashi na biyu suna komawa. Tafiyar farkon ita ce strofe, dawowar kuma antistrofe. Daga nan kalmar ta zama sunan kowane rukunin ɗangogi da ke tsaye wuri guda kafin a tsallaka zuwa na gaba. A Italiyancin yau ita yaro ke fara ji a makaranta, ita malamin jami'a ke rubutawa, ita ake faɗa ko da waƙar ba ta da kari ko amsa-amo, ko da baitocin wani dogo wani gajere. Mawaƙan kiɗa ma ita suke amfani da ita, su ce strofa da ritornello, wato ɗan waƙa da amshi. Kowace stanza strofa ce, amma ba kowace strofa ke zama stanza ba. Jam'inta strofe, kuma a tsofaffin littattafai za ka iya ganin wannan siffa a matsayin tilo.

Bayan haka Italiyawa na son kiran baiti da adadin ɗangonsa, kamar dai yadda muke cewa ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu. Distico biyu ne, terzina uku, quartina huɗu, sestina shida, ottava takwas. Babbar waƙar Dante mai babi 100 da ɗango 14,233 da terzina aka gina ta, a sarƙe: amsa-amon ɗangon tsakiya na wannan baiti shi zai zama na farko da na uku a baiti mai zuwa, haka har ƙarshen babi, inda ɗango ɗaya tilo ke ɗaure sarƙar. Ba a cewa stanza a nan, terzina ake cewa. Shi ma sonetto mai ɗango 14, wanda ya ɓullo a fadar Sisili a ƙarni na 13, ana cewa yana da quartina biyu da terzina biyu.

Da ka tsallaka zuwa ƙasashen Silaf sai hujjar zaɓen strofa ta ƙara ƙarfi, domin kusan duk dangin sun san ta. Rashanci da harshen Yukren da na Bulgeriya da na Masedoniya suna rubuta ta строфа, Foland da Cek da Sulobakiya da Kuroshiya suna rubuta strofa, Sabiya kuwa da haruffan biyu duka. Bambancin da ke akwai na lafazi ne. Ɗan Italiya da ɗan Foland a gaɓar farko suke danna murya, Barashe kuwa a gaɓar ƙarshe, sai in ya zo jam'i ya dawo da nauyin farko. Da ɗalibina ya ce strofa a ajin nan, da duk ɓangarorin uku sun ɗauka ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Stanza kuwa a wannan yanki tarko ce. Rashanci yana da stansy, wadda ya samo ta hanyar Faransanci, amma wannan sunan nau'in waƙa ne sukutum. Waƙa ce ta tunani, galibi ƙwar huɗu, wadda kowane baitinta ke kammala ma'anarsa a cikinsa ba ya jingina da na gaba. Mawaƙin Rasha Pushkin yana da waƙa mai wannan suna da ya yi a 1826 yana nufin sarki Nikolai na Ɗaya. Saboda haka in ka ce wa Barashe waƙa tana da stansy arba'in, ka faɗi wani abu dabam da abin da ke ranka. In kuma harshenka ya ɗan zame ka ce stantsiya, ka koma maganar tashar jirgin ƙasa. A Foland ma stancja ɗakin haya ne na ɗalibai. Duk jikokin aikatau ɗin nan ne na tsayawa, kowanne ya kama gabansa.

Baitin da Rashawa suka fi alfahari da shi sunansa ma da strofa ake faɗinsa, wato baitin Onegin, wanda Pushkin ya ƙirƙira don ƙagaggen labarinsa na waƙe mai suna Yevgeny Onegin, da ya rubuta tsakanin 1823 da 1831. Ɗango 14 ne. Huɗu na farko amsa-amonsu a karɓa-karɓa, huɗu na biyu bibbiyu a jere, huɗu na uku na farko da na ƙarshe sun rungume biyun tsakiya, sai ɗango biyu su rufe. A lura da wannan sosai wajen fassara: sonetto mai ɗango 14 waƙa ce cikakkiya mai baitoci huɗu, shi kuwa wannan mai ɗango 14 baiti ɗaya ne tak cikin ɗaruruwa. Adadi ɗaya, matsayi daban.

Sai dai strofa a yawancin harsunan Silaf kalmar aji ce, ta littafi da jarrabawa, kuma kusan kowannensu yana da ta gida da ake faɗa a baki. Nan ne zaɓi na biyu ya shigo, kuma nan na fi jin daɗin batun.

'Yan Foland suna da zwrotka, daga kalmarsu ta juyawa, wato ma'anar Girkancin nan ce suka zuba a tukunyarsu. Ita uwa ke faɗa wa yaro in yana haddar waƙar makaranta, ita ake faɗa in ana maganar waƙar rediyo ko taken ƙasa. Taken nasu ma a Italiya aka rubuta shi, a garin Reggio Emilia a 1797, lokacin da sojojin Foland ke can. Yau ana cewa yana da zwrotka huɗu da amshi. Mutanen Cek suna cewa sloka, maƙwabtansu na Sulobakiya su ce sloha. Lokacin da ƙasashen biyu ke haɗe, taken ƙasarsu baitin farko ne na waƙar Cek a liƙa masa baitin farko na waƙar Sulobakiya. Da suka rabu a farkon 1993 kowa ya ɗauki nasa. Rashanci da harshen Yukren da na Bulgeriya kuwa aro suka yi daga Faransanci, suna cewa kuplet ga baitin waƙar da ake rerawa. Amshi a Rashanci pripev ne, a Foland refren.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta kudu. A Sulobeniya da Kuroshiya da Sabiya akwai kitica, ana furta ta kititsa. Ƙaramar siffa ce ta kita, wadda a Kuroshiya da Sabiya ke nufin damin furanni ko tuntu, a Sulobeniya kuma kitson gashi. Kamar da ke tsakaninta da kalmarmu ta kitso dacewar sauti ce kawai, babu dangantaka, amma hoton ya dace da aikin: ɗangogi ne aka kama aka tufke wuri guda. A Sulobeniya kitica ta wuce matsayin kalmar gida, ita ce ma ta makaranta da ta hukuma. Taken ƙasarsu kitica ta bakwai ce daga waƙar da France Prešeren ya rubuta a 1844, wadda ya jera ɗangogin kowane baiti a takarda su ba da siffar kofi mai ƙafa. Wanda zai yi magana da 'yan Sulobeniya, kitica zai fi masa. A sauran wurare strofa ta wadatar.

Wannan rabon na kalmar littafi da kalmar baki ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ma baiti na rubutacciyar waƙa ne, amma in an zo waƙar baka manazarta kan ce gindin waƙa da ɗiyan waƙa, ga kuma amshi. To a ganina haka ya kamata a jera su. In kana bayanin waƙar malamai ta ajami ko ta boko, baiti shi ne strofa. In kana bayanin waƙar makaɗan fada ko na noma, ɗan waƙa ya fi kusa da kuplet a Rashanci, zwrotka a Foland, sloka a Cek, amma a Italiyanci strofa ɗin dai za ka sake ɗauka tunda ita ke aikin biyu. Gindi da amshi su tafi ga ritornello ko pripev ko refren, tare da ɗan bayani cewa namu 'yan amshin ƙungiya ce mai ƙara wa jagora magana, ba maimaitawa kaɗai suke yi ba.

Akwai kuma tarkon da ke cikin gidanmu, wanda na ga ya kayar da masu fassara fiye da na stanza. Baiti aron Larabci ne, asalinsa gida ko tanti. Khalil bin Ahmad na Basra, wanda ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, daga kayan tanti ya ɗebo sunayen sassan kari: sababi igiya ce, watadi turke ne. Abin sha'awa ne a ce Balarabe ya ga gida, ɗan Italiya ya ga ɗaki. Amma baitin Larabci layi ɗaya ne mai shaɗara biyu, mu kuwa mun faɗaɗa kalmar har ta ɗauki ɗango biyar. Saboda haka in ka duba ƙamusun Larabci zuwa Italiyanci ko Rashanci, abin da za ka tarar a gaban baitin waƙa shi ne kalmar layi, verso ko stikh. Wanda ya kwafo wannan ya ɗora a kan waƙar Hausa mai ƙwar biyar ya mayar da ɗango ɗari biyu zuwa arba'in. Ga ƙasidar Larabci a bar baiti a matsayin verso. Ga waƙarmu ta ƙwar biyu, wadda ita ce ta gaji wannan siffa, distico ya fi dacewa a Italiyanci, dvustishie a Rashanci. Daga ƙwar uku zuwa sama babu gardama, strofa ce.

Kalmar ɗango ma tana buƙatar kula. Verso daga Latinanci take, asalinta juyawar da mai garma ke yi in ya kai ƙarshen kunya zai kama sabuwa. A Cek verš ɗango ne. Amma a Foland 'yar uwarta wiersz waƙa ce gaba ɗaya, ɗango kuwa wers, harafi biyu kacal suka raba su. A Rashanci stikh ko stroka ɗango ne, jam'in na farkon, stikhi, kuma yakan nufi waƙe baki ɗaya. Sabiya da Kuroshiya suna cewa stih, kuma kalmarsu ta pesma ko pjesma tana rufe rubutacciya da rerarriya duka, kamar yadda kalmar waƙa take a wurinmu. Baiwar Allah ɗin nan 'yar Sabiya ta ajin ɗalibina ita za ta fi kowa saurin gane dalilin da ya sa mawallafin waƙar Hausa ke rera abin da ya rubuta.

In kuma fassarar daga can ce zuwa Hausa, aikin ya fi sauƙi. Strofa da stanza da zwrotka da sloka da kitica duk baiti ne, kuma ban ga dalilin aro ko ɗaya daga cikinsu ba, tunda tamu ta isa. Abin da kawai zan roƙi mai fassara shi ne ya faɗi adadin ɗango a karon farko, domin Bahaushen da ya ji baiti tunaninsa ba ya wuce ɗango biyar, ba zai kawo mai goma sha huɗu a ransa ba sai an gaya masa. Ya kuma yi hattara da manhajojin fassara: in jimlar Italiyanci gajera ce, babu kalmar waƙa a kusa, stanza ɗaki za ta fito.

Bayan kwana biyu ɗalibin ya sake rubutowa, ya ce, "Malam, to tahamisi fa, me zan ce musu?" Na ce ya bar ta da sunanta, kada ya nemo mata wata kalma. In ya ce strofa mai ɗango biyar ya faɗi siffa amma ya zubar da ainihin abin, domin tahamisi aikin mutum biyu ne: wani ya ɗauki baitin magabacinsa mai ɗango biyu, ya ɗora nasa uku a sama, masu bin amsa-amon ɗangon farko na mai asali, babban amsa-amon kuma ya zauna inda yake har ƙarshen waƙa. Na ce ya ba su misali da Ishiriniya, asalin na Alfazazi, ƙarin na Ibn Muhib. Ya rubuta baiti ɗaya a allo, ukun sama da jan alli, biyun ƙasa da fari, sa'annan ya rera musu shi yadda ake rerawa a gida.